Kyamarar Da Ke Hannun Uwargida: Yadda Asirin Ɗaukar Apocalypse Now Ya Tonu

A ranar 5 ga Maris, 1977, jarumin finafinan Amurka Martin Sheen ya tashi da matsanancin ciwon ƙirji a masaukinsa da ke cikin wani daji a ƙasar Filifin. Shekararsa 36 a lokacin. Da rarrafe ya kai bakin hanya neman taimako, kuma jikin ya yi tsanani har wani limamin cocin Katolika ya yi masa addu'ar da suke yi wa wanda ya kai gargara. Bugun zuciya ne. Saura kwanaki kaɗan a cika shekara guda ana ɗaukar fim ɗin Apocalypse Now, kuma Sheen ne jarumin da labarin ya rataya a wuyansa tun daga farko har ƙarshe.

Da labarin ya fara yawo a Hollywood, daraktan fim ɗin, Francis Ford Coppola, ya harzuƙa. Ya rufe ma'aikatansa da faɗa a kan wanda ya fitar da maganar, domin ya san idan masu kuɗi suka ji jarumi yana kwance, za su iya tsayar da aikin su karɓe shi daga hannunsa. A cikin faɗan ya ce ko da Sheen ya mutu, ba ya son jin kowa ya ce ya mutu har sai shi Coppola ya faɗa da bakinsa. An naɗi wannan murya a kaset, amma duniya ba ta ji ta ba sai a 1991, a cikin wani shirin bayan fage mai suna Hearts of Darkness: A Filmmaker's Apocalypse, wanda har gobe masana fim ke sa shi a sahun gaba idan ana maganar shirye-shiryen da ke nuna yadda aka haɗa wani babban fim.

Duk mai kallon finafinai ya san irin bayan fagen da aka saba gani. Jaruma ta manta maganarta a fashe da dariya, darakta ya yabi jarumi, jarumi ya ce bai taɓa aiki da mutum mai haƙuri kamar darakta ba, a nuna 'yan lokeshan suna cin abinci tare. Talla ce, kuma mai fim ne ke biyan kuɗinta, don haka babu wanda zai tsammaci ya ga rigimar kuɗi ko kukan wanda aka kora. Abin mamaki shi ne Hearts of Darkness ma a matsayin talla ya faro. Kamfanin United Artists, wanda zai rarraba fim ɗin, ya buƙaci ɗan gajeren shiri na tallatawa, sai Coppola ya damƙa aikin a hannun matarsa Eleanor. Ita kanta ta faɗa a cikin shirin cewa ba ta san ko ya yi haka ne don ya sama mata abin yi ba, ko kuwa don kada a ƙara masa wasu baƙin ƙwararru a wurin da ya riga ya cika da jama'a. Ta tafi Filifin da 'ya'yansu uku, Gio da Roman da ƙaramarsu Sofia, ta ɗauki kyamara mai milimita 16, ta fara aiki.

A nan ne bambancin ya samo asali. Ma'aikacin kamfani yana da iyakar inda zai shiga, kuma ana iya sallamarsa a kowace safiya. Eleanor kuwa tana nan idan an tashi daga aiki, tana nan da tsakar dare lokacin da mijinta ke zaune a gaban tafireta yana sake rubuta abin da za a ɗauka gobe. Ta riƙa naɗar hirarsu a rikoda ba tare da saninsa ba, da nufin ta yi amfani da ita wajen rubuta littafin tunawarta. A cikin kaset ɗin nan ne ake jin mutumin da ya riga ya lashe kyautar Oscar har biyar yana cewa fim ɗin da yake yi ba shi da kyau, ya kashe miliyoyin daloli a kan shirme, ba shi da ƙarshen labari, har yana ambaton harbe kansa. Ko me mutum zai ce game da mace ta naɗi mijinta a ɓoye, kuma akwai abin cewa, da ba ta yi hakan ba da shirin bai wuce hotunan jirage da fashewar bama-bamai ba.

Mafarin rikicin

Labarin Apocalypse Now mai sauƙin faɗa ne. Ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, sai rundunar Amurka ta tura wani kyaftin mai suna Willard ya bi kogi a ƙaramin jirgin ruwa har cikin Kambodiya, ya kashe wani kanar ɗinsu, Kurtz, wanda ya ɓalle ya kafa tasa daular a cikin daji. John Milius ne ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1960, ya ɗora shi a kan littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness na 1899. Da farko George Lucas ne zai ba da umarni, kuma shirinsu shi ne su je Biyetnam ɗin kanta su ɗauka da ƙananan kyamarori alhali ana ɓarin wuta. Babu kamfanin da ya yarda da wannan ganganci. Tun kafin su ma, Orson Welles ya so ya mayar da littafin fim a 1939, tsada ta sa aka fasa, ya koma ya yi Citizen Kane. Masu haɗa shirin bayan fagen sun yi dabara, suka ɗauko muryar Welles daga wasan rediyon da ya yi na littafin a 1938, suka riƙa saka ta a kan hotunan Eleanor.

Bayan nasarar fim ɗinsa The Godfather a 1972 da kashi na biyu a 1974, Coppola ya ga babu abin da zai gagare shi. Ya yanke shawarar yin fim ɗin da kuɗin da shi zai nemo, don ya zama mallakarsa. Manyan jarumai irin su Steve McQueen da Al Pacino da Jack Nicholson suka ƙi zuwa daji su yi watanni. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙi ba da aron ko da jirgi ɗaya ga labarin da ke nuna soja an aike shi ya kashe soja. Sai Coppola ya ƙulla yarjejeniya da shugaban Filifin na lokacin, Ferdinand Marcos, wanda ke mulki da dokar soja, ya ba shi hayar jirage masu saukar ungulu da matuƙansu.

An fara ɗauka a ranar 20 ga Maris, 1976. An tsara mako 16, aka ɓuge da kwana 238. Kwanaki kaɗan da farawa Coppola ya kalli abin da aka ɗauka, ya ga jaruminsa na farko, Harvey Keitel, bai dace ba, ya sallame shi ya kawo Sheen. Jiragen Marcos kuma suka zama wata fitinar. Sojojin Filifin suna yaƙi da 'yan tawaye a wannan lokaci, don haka ana tsakiyar ɗaukar fitowar da aka kwana ana shiryawa sai umarni ya zo ta rediyo, jiragen su juya su tafi yaƙin gaske. Kyamarar Eleanor ta kama wannan: jirage suna ficewa daga sararin da ake ɗauka, ma'aikata sun saki baki suna kallo. Washegari kuma a turo wasu matuƙan da ba su san abin da aka koya wa na jiya ba. A watan Mayu mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Olga ta sauka, ta ragargaza gine-ginen fim ɗin da aka yi a garin Iba, aka rufe aiki na makonni. Kuɗin da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 12 zuwa 13 ya yi ta hawa har ya kai wajen miliyan 31, Coppola ya jinginar da gidansa da abin da ya tara daga The Godfather.

Wurare biyu a cikin shirin sun fi tsaya wa mai kallo a rai. Na farko shi ne fitowar da ke buɗe Apocalypse Now, inda Willard ke cikin ɗakin otal a Saigon, a buge, yana tangaɗi, har ya naushi madubi ya yanke hannu. Shirin ya nuna cewa ba wasa ba ne. Ranar ce Sheen ya cika shekara 36, ya sha ya yi tatul, da ƙyar yake tsayuwa, kuma jinin da ake gani nasa ne. Ana jin muryar Coppola daga bayan kyamara yana zuga shi, yana tsokano masa abin da ke cin ransa, har mutumin ya ɓarke da kuka. Sheen ya ce shi ne ya hana a tsayar da ɗaukar. Na yarda da shi, amma maganar wanda ba ya iya tsayuwa da ƙafafunsa ba ita ce za ta wanke wanda yake cikin hayyacinsa ba. Wata bakwai bayan haka zuciyar Sheen ta buga. Kafin ya warke, ƙanensa Joe Estevez aka riƙa sakawa a wuraren da ake hango Willard daga nesa ko ta baya.

Na biyu shi ne zuwan Marlon Brando, wanda aka yi yarjejeniya da shi a kan dala miliyan ɗaya duk mako, na mako uku. Kurtz na cikin labari ramammen soja ne. Brando ya sauka da ƙiba mai yawa, bai karanta littafin Conrad ba, bai haddace komai ba. Aka yi kwanaki ma'aikata na zaune, kuɗi na tafiya, shi da Coppola suna tattauna wane ne Kurtz. Daga ƙarshe ya aske kansa ƙwal, aka sa masa baƙaƙen kaya, mai ɗaukar hoto Vittorio Storaro ya ɓoye jikinsa a cikin duhu, fuskar kawai ke leƙowa. Coppola ya kunna kyamara ya bar shi yana ta zuba duk abin da ya zo bakinsa. A cikin ragowar da ba a saka a fim ba, an nuna shi yana tsakiyar wata magana mai nauyi ya tsaya ya ce ya haɗiye ƙwaro, a wani wurin kuma ya ce maganar da zai iya ƙirƙira ta yau ta ƙare. Wanda ya kalli wannan ya koma ya kalli Kurtz a cikin fim ɗin, zai gane cewa kwarjinin da ake ta yabo rabinsa dabarar ɓoye matsala ce, sauran rabin kuma aikin masu yanka da haɗa hoto, waɗanda suka shafe kusan shekara biyu suna tsintar abin kirki daga fim mai tsawon ƙafa sama da miliyan ɗaya.

Aka kammala ɗauka a watan Mayu na 1977. A 1979 aka kai fim ɗin bikin Cannes na Faransa tun bai gama haɗuwa ba, ya raba babbar kyautar bikin da fim ɗin Jamus The Tin Drum. A gaban 'yan jarida a can ne Coppola ya yi maganar da shirin ya buɗe da ita, cewa fim ɗinsa ba labarin Biyetnam ba ne, shi ne Biyetnam ɗin: sun shiga daji, sun yi yawa, kuɗi da kayan aiki sun yi musu yawa, sannu a hankali suka haukace. Fim ɗin ya mayar da kuɗinsa har da riba, ya sami Oscar biyu, na hoto da na sauti. Hotunan Eleanor, kimanin awa 60, suka zauna a ajiye fiye da shekara goma, domin ta kasa samun hanyar da za ta haɗa su ba tare da ta mayar da mijinta gwarzo ko mahaukaci ba. Wasu matasa biyu, Fax Bahr da George Hickenlooper, su ne suka karɓa, suka ƙara da sababbin hirarraki, suka fitar da shiri na minti 96 wanda ya ci kyautar Emmy biyu.

Waɗanda ba a tambaya ba

Akwai wata 'yar magana a cikin shirin da takan wuce mutane. Mai tsara gine-ginen fim ɗin, Dean Tavoularis, yana bayanin yadda aka gina fadar Kurtz a kusa da garin Pagsanjan da manyan tubala masu nauyi, da hannun ɗaruruwan leburori. Ya ce a Amurka ƙara ma'aikaci ɗaya babban lissafi ne, amma a can, da dala ɗaya zuwa uku a rana, sai ka ɗebi goma ko ɗari. Ya ƙara da cewa yana fata dai ba su ci da gumin mutane ba. Daga nan shirin ya wuce. A wuri guda, a fim guda, mutum ɗaya yana karɓar dala miliyan a mako yana zaune yana hira, wani yana ɗaukar tubali a kan dala ɗaya.

Haka ma 'yan ƙabilar Ifugao. Coppola ya ga wahala ce a riƙa yi wa 'yan gari kwalliyar mutanen daji kullum, sai ya sa aka je tsaunukan arewacin tsibirin Luzon aka kwaso jama'a da matansu da 'ya'yansu, aka zaunar da su a cikin ginin fim ɗin. Cikin abin da aka yi musu alkawari har da kaji da aladu da ɓaunar ruwa don yankan al'adarsu. Eleanor ta je ta ɗauki bikin da suka sassare ɓauna da adduna, ta ruga ta kira mijinta ya gani. Mutumin da ya yi watanni yana kukan ba shi da ƙarshen labari, a nan ya same shi: a cikin fim, ana sarar ɓauna ana nuna Willard yana sarar Kurtz. Dabbar gaske ce, yankan gaske ne. Ke nan ƙarshen ɗaya daga cikin manyan finafinan Amurka daga ibadar mutanen Ifugao aka aro shi. Amma cikin duk waɗanda aka zaunar a gaban kyamara suka yi bayani a Hearts of Darkness, babu mutumin Ifugao, babu lebura, babu matuƙin jirgin da ke tashi daga wasan yaƙi ya tafi yaƙin gaske. Duk tawagar Coppola ce da ta zo daga waje.

Mai karatu a Najeriya ba zai rasa jin wannan ya yi masa kama da wani abu ba. Littafin Conrad a Kwango aka kafa shi, zamanin da Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya mayar da ƙasar gonarsa, kuma Conrad da kansa ya bi Kogin Kwango a 1890. A watan Fabrairu na 1975, shekara guda kafin Coppola ya kunna kyamara, Chinua Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, inda ya soki littafin da cewa ya mayar da Afirka da mutanenta labulen bango kawai, wurin da Bature zai je hankalinsa ya gushe, su kuwa 'yan ƙasa ba a ba su bakin magana ba. Coppola ya ɗauke labarin daga Kwango ya kai Biyetnam, ya ɗauka a Filifin, kuma larurar ta bi shi har can. Ta bi shirin bayan fagen ma. Shiri ne mai gaskiya ƙwarai a kan azabar darakta, har ba ya jin kunyar nuna shi a wulaƙance, amma azabar tasa kaɗai ya ƙirga.

Wanda ya ɗan fi shi a wannan fanni shi ne Burden of Dreams na 1982, wanda Les Blank da Maureen Gosling suka yi a kan ɗaukar Fitzcarraldo, fim ɗin Bajamushe Werner Herzog. Herzog ya nace sai an ja jirgin ruwa mai nauyin tan 320 an haye da shi kan tudu a dajin Amazon na ƙasar Peru, da igiyoyi da ƙarfin mutane da katafila guda, ba tare da dabarar kyamara ba. Mutumin da aka ɗauko labarin daga rayuwarsa, wani attajirin roba, jirginsa bai kai kusa da wannan nauyi ba, kuma kwance shi ya yi gunduwa-gunduwa kafin ya tsallaka. 'Yan ƙabilar Aguaruna sun ƙone sansanin Herzog na farko a 1979. Jaruminsa Jason Robards ya kwanta ciwo bayan an yi nisa, mawaƙi Mick Jagger da ke cikin 'yan wasan ya tafi, aka koma farko da jarumi Klaus Kinski. Injiniyan da aka ɗauko daga Brazil ya ajiye aiki saboda yana ganin za a yi asarar rayuka. Blank baƙo ne, ba matar kowa ba, kuma ya juya kyamararsa ga 'yan ƙasar da ke jan igiya: ana jin su suna maganar tsoron da suke ji, ana ganin matansu suna aikin rogo, ana jin batun takardar mallakar ƙasarsu da Herzog ya yi alkawarin taimaka musu su samu. Bai kai Eleanor shiga cikin zuciyar darakta ba, amma ya fi ta waiwayar waɗanda ke gefe.

Duk da haka ba zan rage wa Hearts of Darkness daraja ba. Ga mai son koyon sana'ar fim, ya fi darussan aji da yawa amfani, saboda yana nuna cewa abin da mai kallo ke ɗauka tsari ne tun fil azal, sau da yawa faci ne aka yi da tsakar dare. Yana nuna wata fitowa ta gonar wasu Faransawa da aka kashe kuɗi da kwanaki a kanta, Coppola ya fusata ya yar da ita gaba ɗaya, ba ta dawo ba sai a sabon zubin fim ɗin na 2001. Yana nuna Laurence Fishburne, yaro ɗan shekara 14 da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi. Yana nuna 'yan wasa suna amsa cewa sun yi ta shaye-shaye a lokacin aiki.

A ƙarshen shirin Coppola ya faɗi burinsa: yanzu da ƙananan kyamarorin bidiyo suka fito, wata rana wata yarinya a jihar Ohio za ta ɗauki kyamarar babanta ta yi fim mai kyau, a huta da kankanewar ƙwararru. Bai sani ba, shekara guda kafin fitowar shirin, a 1990, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa sun riga sun fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a Kano, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin masana'antar da daga baya aka kira Kannywood.

Shi kuwa Coppola bai bi hanyar ƙaramar kyamara ba. Yana da shekara 80 da 'yan kai ya sayar da wani ɓangare na kasuwancinsa na inabi, ya zuba kimanin dala miliyan 120 na aljihunsa a fim ɗin Megalopolis. Eleanor ta rasu a watan Afrilu na 2024 tana da shekara 87, wata guda kafin a nuna fim ɗin a Cannes. Megalopolis bai mayar da ko kusa da kuɗinsa ba. A wannan karon daraktan Ingila Mike Figgis ne Coppola ya gayyata ya ɗauki bayan fagen, kuma shirin nasa, Megadoc, ya fito a bikin finafinai na Venice a 2025.